Inci 32, 33 ko 35: Wace Taya Ce Ta Dace da A-kori-kurarka?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da manyan motoci suka yi wa kwari biyu da damina ya san yadda a-kori-kura ke kafewa. Tukunyar aksil ɗin baya ce ke hawa kan tudun da ke tsakiyar hanya, mota ta zauna a kan cikinta, tayoyi su yi ta juyawa suna watsa taɓo a banza. Ko an ɗaga motar da sabon sifirin da dogon shok, wannan tukunya tana nan inda take, domin a kan tayoyi take zaune, sifirin kuwa bodi kawai yake ɗagawa. Tsayin taya ne kaɗai ke ɗaga ta daga ƙasa. Wannan ita ce hujja mai ƙarfi ta sa babbar taya, kuma da ita ya kamata a auna kowane girma: milimita nawa ya ƙara a ƙarƙashin aksil, me kuma ya ci a madadinsu.

Za mu yi lissafin a kan Toyota Hilux, ƙirar Vigo da ta fito a 2004 da Revo da ta gaje ta a 2015, sannan mu leƙa Land Cruiser 79, tunda su ne suka cika hanyoyin karkara daga Kano har Agadas.

Yadda ake karanta lambar

A gefen tayar Hilux mai rim 17 za ka ga 265/65R17. Lambar farko faɗin taya ce da milimita. Ta biyu tsayin gefen taya ne, amma a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin, wato 65 cikin ɗari na 265, wanda ya kama milimita 172. Ta uku girman rim ne da inci. Idan ka ninka 172 sau biyu, na sama da na ƙasa, ka haɗa da milimita 432 na rim ɗin, tsayin taya gaba ɗaya ya zama 776, ko inci 30.6. Daga nan ake tashi.

Girma na gaba shi ne 265/70R17, mai tsayin milimita 803. A kasuwa ana kiransa 32 duk da cewa inci 31.6 ne. Ya fi na kamfani da kashi 3.4 cikin ɗari. Sai 285/70R17, milimita 831, wanda ake kira 33, ya fi da kashi 7. Sai 315/70R17 ko 35x12.50R17, wajen milimita 873 zuwa 880, wato 35, ya fi da kashi 12 da ɗoriya.

A nan mutane da yawa ke yin kuskuren lissafi. Rabin ƙarin ne kawai ke ɗaga mota, domin ɗaya rabin yana sama, cikin ramin taya. Saboda haka 32 tana ƙara milimita 13 a ƙarƙashin aksil, 33 tana ƙara 27, 35 kuma 48. Milimita 27 bai wuce kaurin yatsu biyu ba. A cikin kwarin hanya wannan ɗan tazara yana iya raba wucewa da kwana a daji, gaskiya ne, amma a san cewa abin da ake saye ke nan.

Wanda Hilux ɗinsa ta zo da 205R16C, irin ta ma'aikatu da ƙungiyoyi, ya lura cewa tasa ta fi gajarta, wajen milimita 734. Gare shi komawa 265/65R17 ma ƙari ne na kusan kashi 6, kuma 33 za ta zame masa tsalle na kashi 13. Ya yi lissafinsa daga tayar da motar ta zo da ita, kada ya ɗauki na maƙwabcinsa.

Shigar taya cikin rami

265/70R17 tana hawa rim ɗin kamfani mai faɗin inci 7.5 ba tare da an canza komai ba. Idan ta goga, yawanci robar kare laka ce ta gaba, lokacin da aka murɗe sitiyari har ƙarshe ana baya. A kwance robar ko a rage mata kaɗan, magana ta ƙare. Safaya ma tana shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi lafiya lau.

Da 285/70R17 ne aiki ke farawa, kuma a nan ya kamata a tsaya a fahimci abin da ke faruwa. Gaban Hilux ba aksil guda ne miƙaƙƙe ba, kowace ƙafa tana da hannunta na sama da na ƙasa. Rim ɗin kamfani an yi shi ne ya nutse ciki da milimita 30, abin da ake rubutawa ET30 ko +30 a bayansa. Taya mai faɗin 285 ta fi 265 da milimita 10 ta kowane gefe, don haka gefenta na ciki yana matsowa dab da hannun sama, wani lokaci har ya taɓa shi. Maganin da ake yi shi ne sayen rim mai +10 ko 0, wanda ke turo taya waje. To amma da ka turo ta waje da milimita 30, bakinta na waje ya fita da 40 ke nan, kuma idan aka juya sitiyari tana zana da'ira mafi faɗi. Sai ta bar hannun sama ta koma cin wani wuri: ƙarfen da bodi ke zaune a kai a bayan tayar gaba, da haɗin ƙarfen bodi da ke gefensa, da kusurwar bamba ta gaba.

Wannan mazaunin bodi shi ne ake yankewa. Ana cire robar ciki, a yanke kusurwar ƙarfen, a rufe wurin da farantin ƙarfe mai kauri, a yi walda ta zagaye, a shafa fenti don tsatsa. Aiki ne na mai walda da ya san shasi, domin bushin roba yana nan kusa kuma zafi yana lalata shi, sannan dole a cire kan batir kafin a kunna injin walda saboda kwamfutar mota. Wanda ya yanke ya bar wurin a buɗe ya raunana inda nauyin gidan direba ke sauka. Kuma yanka ba ya komawa. Mai niyyar sayar da motarsa nan da shekara biyu ya sa wannan a lissafi.

Akwai wata fahimta da ta yaɗu, cewa idan aka ɗaga mota da inci biyu to 33 za ta shiga. Ɗagawar tana canza inda mota ke tsayawa ne idan tana ajiye. Da zarar ƙafa ɗaya ta faɗa rami ko ta hau tudu, sifirin zai matse har ƙarshe, taya ta koma daidai inda za ta je ko ba a ɗaga ba. Abin da ɗagawa ke yi shi ne rage yawan gugar, ba kawar da ita ba. Abin da ya fi taimakawa shi ne mai alaimen ya ƙara kasta, wato ya ɗan tura ƙafar gaba daga mazaunin bodi ta hanyar ƙusoshin hannun ƙasa. Milimita biyar ko shida da za a samu a nan sukan isa.

Ɗagawar kanta tana da iyaka. A gaban Hilux, milimita 40 zuwa 50 ne abin da shaf ɗin gaba ke jurewa. Fiye da haka shaf yana aiki a karkace, robarsa ta yage, giris ya fice, ƙasa ta shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas a kwana. Boljoyin ɗin sama ma yana kaiwa ƙarshen lanƙwasarsa. Zoben da ake cusawa a saman shok ya fi araha, amma bai ƙara wa sifirin ƙarfi ba, kuma a kan gargada yana sa shok ya riƙa buguwa a ƙarshen tafiyarsa. Idan za a ɗaga, a sayi cikakken shok da sifirin da aka yi domin nauyin motar.

Game da zoben da ake sawa a bayan rim don turo taya waje: idan ya zama dole, a nemi wanda ke zama daram a kan cibiyar hob, mai rami milimita 106.1, mai ƙusoshi shida a kan da'irar 139.7. Wanda ba ya zama a kan cibiya yana barin nauyin mota a kan ƙusoshi, kuma ƙusa tana karyewa ba tare da sallama ba. Rim mai ma'aunin da ya dace ya fi shi aminci nesa ba kusa ba. Ko ta wace hanya aka turo taya waje, boris ɗin ƙafa da tayarod suna ɗaukar ƙarin wahala, sitiyari kuma yana fizgar hannu idan taya ta daki dutse.

35 kuwa ba sauya taya ba ce, sake gina mota ne. Tana buƙatar rim mai faɗin inci 8.5 ko fiye, yanke bakin ramin taya gaba da baya, faɗaɗa madigadi, gyara bamba, sannan safaya ba ta shiga ƙarƙashin bodi, sai dai ta hau baya ta cinye wurin kaya. Kamfanin Arctic Trucks na ƙasar Aisilan yana ƙera Hilux mai 35 da ake kira AT35, kuma ko su da suka ƙware sai da suka yanke bodi suka sake fasalin ramin taya. Sun faro wannan sana'a ne saboda dusar ƙanƙara, inda ake son taya ta yi faɗi ta yi iyo a sama. Motar da ke ɗaukar buhunan masara daga ƙauye zuwa kasuwa ba wannan ce matsalarta ba.

Kafin a biya kuɗin tayoyi biyar, a sa guda ɗaya a gaba a gwada. A murɗe sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a yi gaba, a yi baya. Sannan a hau da ƙafa ɗaya kan tudu ko bakin kwalbati har sifirin ya matse, a sake murɗewa, a zura hannu a ji. Duk inda yatsa ba ya wucewa tsakanin taya da ƙarfe, nan za ta ci idan aka yi lodi. Taya mai manyan haƙora a kafaɗa takan fi lambar da ke jikinta faɗi, don haka 285 ta wani kamfani tana iya shiga, ta wani ta ƙi.

Abin da inji da birki ke biya

Babbar taya tamkar ƙara wa mota tsawon giya ce. Idan aksil ɗinka 4.10 ne, wato shaf yana juyi 4.10 kafin taya ta juya sau ɗaya, da 33 zai yi aiki kamar 3.83, da 35 kuma kamar 3.65. Injin da ke juyi 2,000 a minti a gudun kilomita 100 zai sauko 1,870 da 33, ya sauko wajen 1,780 da 35. A shimfiɗaɗɗiyar kwalta ba lodi wannan ba laifi. A tashi da kaya, ko a hawan dutse irin na hanyar Gembu a tsaunin Mambila, nan ake gane bambanci. Giya ta ɗaya ta yi tsawo, direba yana riƙe kuloci rabi don mota ta tashi, farantin kuloci yana ƙonewa. Mai giya otomatik kuma zai ji ta tana ta sauka tana hawa tsakanin manyan giyoyi, man giya yana zafi, zafin nan kuwa shi ne ajalin giyabos.

Irin injin yana da muhimmanci ƙwarai. 1GD mai lita 2.8 na dizal, da ƙarfin murɗawarsa ya kai 450 zuwa 500 Nm (ma'aunin ƙarfin murɗawa) a mai otomatik, yana jan 33 ba tare da ya nuna gajiya sosai ba. 2TR mai lita 2.7 na fetur, wanda shi ne a yawancin Hilux da ke Najeriya, ƙarfinsa wajen 245 Nm ne kuma sai ya yi juyi da yawa yake bayar da shi. A kansa 33 tana da nauyi, 35 kuwa zalunci ce. Haka tsohon 5L na dizal marar tabo (turbo). Ga waɗannan biyu, 265/70R17 ce iyakar da ba za a yi da-na-sani ba.

Ana iya maido da ƙarfin ta sauya haƙoran aksil. Lissafin shi ne ka ninka na yanzu da girman ƙarin: 4.10 sau 1.124 ya ba da 4.61, mafi kusa da ake samu a kasuwa shi ne 4.56. Dole a sauya gaba da baya tare, in ba haka ba ranar da aka sa giyar ƙafa huɗu aksil biyu za su yi ta faɗa da juna har wani abu ya karye. Saita haƙoran kuma aikin gwani ne mai agogon awo, wanda aka yi da ka yana kuka kafin wata guda. Da 33 a injin dizal mai ƙarfi ana iya haƙura, da 35 babu makawa.

Birki ma haka. Ƙarfin da faranti ke riƙewa bai canza ba, amma taya ta yi tsawo, don haka abin da ke isa ƙasa ya ragu da kashi 7 a 33, da kashi 11 zuwa 12 a 35. Ga kuma nauyi. Tayar kamfani tana wajen kilo 17. 285/70R17 mai ƙarfin jiki takan kai kilo 24 zuwa 27, 35 mai haƙoran laka kuma ta haura 30. Wannan nauyi ne mai juyawa, kuma yana ƙarƙashin sifirin, shok ne ke fama da shi a kowace gargada. Mota mai lodi a kan 35 da birkin kamfani tana buƙatar fili mai tsawo kafin ta tsaya, a hanyar da akuya ko ɗan acaɓa ke iya faɗowa kowane lokaci.

Agogon gudu zai riƙa yi maka ragi. Idan ya nuna 100, ainihin gudunka ya ƙaru da kashi 3.4, ko 7, ko 12 a kan abin da yake a da. Mai ƙirga kilomita ma haka, don haka wanda ke auna shan mai ya ƙara wannan kaso a kan tafiyar da agogo ya nuna kafin ya raba, kuma ya matso da lokacin juyen baƙin mai. Ko an gyara lissafin, shan mai yana ƙaruwa, saboda nauyi da faɗi da iskar da doguwar mota ke turewa.

Haƙora: AT ko MT

Wannan zaɓin sau da yawa ya fi na girma tasiri. Taya mai alamar AT, irin BFGoodrich KO2, Yokohama Geolandar A/T ko Falken Wildpeak, haƙoranta a matse suke, da ƙananan tsagogi masu kama jiƙaƙƙiyar kwalta. Mai alamar MT, irin BFGoodrich KM3 ko Maxxis Razr MT, haƙoranta manya ne da wagegen fili a tsakani, domin laka ta fice idan taya ta juya.

Inda MT ke da rana shi ne laka mai danƙo, irin baƙar ƙasar firgi ta wajen Dikwa da Gamboru, ko fadamun shinkafa a tsakiyar damina. A can AT tana cika da taɓo cikin juyi biyu ta zama sumul kamar randa, MT kuwa tana tofar da shi ta sake cizo. Wanda aikinsa ke kai shi irin wannan wuri wata uku ko huɗu a shekara, MT mai matsakaicin girma ta fi masa AT mai girma.

A ko'ina ban da nan, AT ce. A kan kwalta MT tana kuka, tana saurin cinyewa, haƙoranta suna yin tudu da kwari idan ba a juya su, kuma a ruwan farko na damina, lokacin da ƙura da mai suka haɗu a kan titi, riƙonta ya gaza na AT a fili. A rairayi ma, abin da mutane ba sa zato, MT haƙa take yi. Rairayi yana son taya ta hau kansa ta danne, manyan haƙora kuwa tona shi suke, da ka ba da wuta sai mota ta nutse har aksil.

Faɗi ko tsawo

Idan aka rage iska, sawun taya a ƙasa tsawo yake ƙarawa sosai, faɗin kaɗan ne ke ƙaruwa. Shi ya sa doguwar taya siririya ke aiki a yashi fiye da yadda ido ke zato, kuma shi ya sa Land Cruiser da ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku suka daɗe a kan 7.50R16. Siririyar taya tana ture yashi kaɗan a gabanta, ta fi sauƙin nauyi, ba ta cin bodi, a laka marar zurfi kuma tana yanka ta sauka kan ƙasa mai tauri.

Ga Land Cruiser 79 zaɓin ya fi sauƙi, domin aksil ɗin gabanta miƙaƙƙe ne kuma ramin tayarta da fili. 235/85R16 tsayinta milimita 806, kusan daidai da 7.50R16, kuma tubles ce. Mai son 33 yana da biyu: 255/85R16 mai milimita 840, ko 285/75R16 mai 834. Ta farko ta fi dacewa da injin 1HZ, wanda ƙarfinsa wajen 285 Nm ne kuma ba shi da na zubarwa, sai dai ta fi wuyar samu. Ta biyu tana ko'ina amma tana son rim mai faɗin inci 7.5 zuwa sama, ba za ta zauna daidai a kan siririn rim ɗin kamfani ba. Ƙusoshin 79 biyar ne a kan da'irar 150, rim ɗin Hilux ba ya hawa. A ƙirar 2007 zuwa yau ƙafafun baya sun fi na gaba matsewa da kusan milimita 95, don haka a yashi tayar baya ba ta bin sawun ta gaba sosai, tana buɗe nata, faffaɗar taya kuma tana ƙara wannan jan.

Rim mai zobe, wanda ake sa wa tub, yana da daɗin faci a daji da ƙarfe biyu da guduma. Amma idan aka rage masa iska tub yana gugar taya ya yi zafi, yashi kuma yana shiga ta bakin zobe. Wajen ba shi iska a kifa zoben ƙasa, kowa ya matsa, domin zoben da bai zauna ba idan ya tashi yana kisa.

A Hilux ma, inda birki ya bari, rim 16 ya fi 17, 17 kuma ya fi 18, saboda yawan roba tsakanin rim da ƙasa. Wasu Revo birkinsu na gaba ya yi girma ga rim 16, a gwada kafin a saya.

Ƙarfin jiki da iska

Abin da ke kashe taya a daji yawanci ba ƙarancin tsayi ba ne, kututturen gona ne da ƙaya da bakin marmara da ke yaga gefe. Maganin wannan shi ne taya mai harafin LT a gaban lambarta. Bayan lambar za ka ga C, D ko E, daidai da ƙarfin shimfiɗa 6, 8 ko 10. Sai lambar lodi: 112 tana nufin kilo 1,120 kowace taya, 116 kilo 1,250, 121 kilo 1,450. Kada a sauka ƙasa da abin da motar ta zo da shi. Akwai manyan tayoyi masu ban sha'awa da lambar lodinsu ta gaza ta ƙaramar tayar kamfani, kuma a-kori-kurar da ke ɗaukar tan guda a zafin watan Afrilu ba ta yafe wannan. Ga mai lodi kullum, D ko E. Ga motar da galibi fanko take tafiya, E tana da tauri, za ta riƙa tsalle a gargada, C ko D ta wadatar.

Idan aka haɗa duka, ga yawancin masu Hilux da ke raba tafiyarsu tsakanin kwalta da hanyar ƙauye, LT265/70R17 mai haƙoran AT ita ce ta fi riba: ƙarin tsayi kaɗan, jiki mai jure ƙaya, babu yanka, safaya a wurinta, kuma idan ta fashe a Gusau ko Zinder akwai fatan samun irinta. 33 ta dace da mai dizal mai ƙarfi wanda cikin motarsa ke dukan ƙasa a kai a kai, kuma ya yarda da kuɗin rim, ɗagawa da walda. 35 ta motar wasa ce ko ta aiki na musamman, a hannun wanda zai sauya haƙoran aksil ya kuma inganta birki.

Kowacce aka ɗauka, iska ce ke fitar da amfaninta. Takardar da ke jikin ƙofar direba an rubuta ta ne don tayar kamfani, kusan 29 psi (ma'aunin iskar taya) ba lodi. Tayar LT tana son fiye da haka don ɗaukar nauyi iri ɗaya, a fara daga 36 zuwa 38, a ƙara wa na baya idan an yi lodi. A ja layin alli a faɗin haƙora, a tafi mita hamsin a miƙe a kan kwalta. Idan tsakiya ce kawai ta goge, iska ta yi yawa. Idan gefuna ne, ta yi kaɗan. A hanyar tsakuwa da gargada a sauko 26 zuwa 28 a rage gudu. A yashi mai laushi 16 zuwa 20, ba juya sitiyari da ƙarfi, domin ƙasa da 15 taya tana iya sulluɓewa daga bakin rim. Da an hau kwalta a mayar da iska nan take, tafiya da gudu a kan taya mai ƙarancin iska tana dafa ta daga ciki, ta fashe bayan kwanaki ba tare da an san dalili ba. Don haka gejin iska da ƙaramin famfo mai aiki da batir suna cikin kuɗin tayar.

Wajen saye, ko a Ƙofar Ruwa ne ko a Panteka ko wurin dila, a duba lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT a gefen taya. 2423 na nufin mako na 24 a shekarar 2023. Manyan tayoyi ba sa saurin fita, sukan daɗe a shago, rana da zafi suna busar da robar tun ba a hau ta ba. A duba gindin haƙora da gefe ko akwai ƙananan tsagewa. 'Yar gwanjo kuwa a leƙa cikinta da tocila, facin gefe ba ya riƙewa idan aka rage iska. A sayi biyar iri ɗaya, domin safaya mai inci 30 a aksil ɗaya da 33 tana sa haƙoran cikin tukunya su yi ta juyawa ba hutu, tana kuma rikita birkin ABS. A tabbata jak ɗin motar yana iya ɗaga ta yanzu da ta ƙara tsawo, in ba ya kaiwa a ajiye katako mai kauri a mota.

Bayan an ɗaura, a yi balansin da alaimen a ranar. Notin Hilux ana ɗaure shi ne a 105 Nm, ana tsallake ƙusa ɗaya zuwa ta gabanta, ba da bututun ƙarfe da tsalle a kan sifana ba, wanda ke miƙar da ƙusa har ta tsinke daga baya. A sake bin notin bayan kilomita 100 na farko, musamman a sabon rim na alminiyam. Sannan a riƙa juya tayoyin, har da safaya, duk kilomita 8,000 zuwa 10,000, MT kuma duk 5,000.